Daga Keson Wuri Zuwa Gajimare: Wa Ke Riƙe da Littafin Lissafin Karkarar Kano?

Ana ba da labarin cewa a shekarar 1929 Alhassan Ɗantata ya sa aka ɗora wa raƙuma ashirin kuɗin azurfa, aka kora su zuwa reshen Bankin British West Africa da ke Kano, wato bankin da a yau muke kira First Bank. Masu ba da labarin sukan tsaya a kan yawan raƙuman, don su nuna girman arzikin mutumin. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne abin da ya koma gida da shi bayan an sauke kayan. Ya je da dukiyar da ido ke gani, hannu ke taɓawa, ya dawo da 'yar takarda, sauran kuwa lambobi ne a cikin wani littafi da ba shi ya rubuta ba, ba kuma shi ke ajiye da shi ba. Ya auna, ya ga ɗakin ƙarfen banki ya fi taskar gidansa tsaro daga gobara da ɓarawo, ya yarda ya ba da amana.

Irin wannan shawarar ce take gaban dillalin hatsi na Dawanau a yau, da mai sayar da takin zamani a Bichi, da mai injin casar shinkafa a Ɗambatta, da kuma ofishin akantan da ke duba musu littattafai daga cikin birni. Ana ce musu su daina ajiye lissafi a takarda ko a kwamfutar ofis, su mayar da shi “gajimare”, wato su riƙa rubuta shi ta intanet a cikin manyan kwamfutocin wani kamfani da ke nesa, suna biyan haya wata-wata. Masu tallar abin suna nuna shi kamar wani baƙon al'amari da bai taɓa faruwa ba. Tarihin karkarar arewacin Kano ya nuna cewa a cikin shekaru ɗari biyun da suka wuce littafin lissafi ya sha sauya mazauni, kuma duk lokacin da ya sauya, iko yakan bi shi zuwa inda ya koma.

Ƙasar da ba ta hutawa

Duk wanda ya bi hanyar Katsina ko ta Daura daga Kano da damina ya san yadda ƙasar take. Gona na manne da gona, gero da dawa da wake da gyaɗa a fili ɗaya, ɗorawa da kuka da gawo da tsamiya na tsaye a tsakiyar shuka, gidaje kuma a warwatse ta yadda da wuya ido ya faɗa inda babu mutum. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya yi nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, kuma a 1965 shi da abokin aikinsa J. Wilson suka fitar da rahoto a kansa. Sun tarar da ɗaya daga cikin yankunan karkara mafi cunkoso a Afirka, inda ake noma kusan kowace gona kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba. Abin da ke riƙe da ƙarfin ƙasar shi ne taki. Jakuna sukan shiga birni da itace da rani, su fito da toka da shara da kashin dabbobi a mangala.

Inda ƙasa ta yi ƙaranci, kowace kunya tana da mai ita, kuma kowace tana da tarihin yadda ta zo hannunsa, ko ta gado, ko saye, ko aro, ko jingina. Gonar kuma ba ta isa ta ciyar da gida shekara guda ita kaɗai, don haka manomin wannan yanki tun asali mai sana'a ne, ko masaƙi, ko marini, ko baduku, ko maƙeri, ko falke. Yana cin bashin hatsi da bazara ya biya da kaka. Matarsa tana cikin gida tana ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, tana zubin adashi, tana bin maƙwabta bashi. Ashe tun kafin akawu ya zo da biro da laja, wannan ƙasa cike take da lissafi. To, ina ake ajiye shi?

Zamanin ƙwaƙwalwa da shaidu

Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya tarar da wuri ne kuɗin ƙasar, kuma wuri 2,500 ne ke daidai da dalar azurfa ɗaya. Ya rubuta cewa adadin ke nan da kowane magidanci yake biya na kuɗin ƙasa, ban da kuɗin karofi da ake karɓa a kan kowace marina. Ana ƙirga wuri ne da hannu, a tara shi tsibi-tsibi, a ɗura 20,000 a keso guda. Kuɗin da sai an ɗauko shi a kan jaki ba ya saurin zagayawa, saboda haka babban ciniki ya dogara a kan bashi da musayar kaya da alkawari.

Rubutu yana nan. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, magana take a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu, kuma malaman Kano sun san hukuncinta. Ayarin fataken goro da ke tafiya Gwanja, wanda Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka shahara da shi, yakan tafi da madugu da jagaba da ubandawaki, da kuma malamin ayari, wanda ke jan salla, ya kuma rubuta wasiƙu da abin da ya kamata a rubuta. Amma mafi yawan lissafin yau da kullum a ka yake. Mai bin bashi ya riƙe, wanda ake bi ya riƙe, dattawa biyu da aka yi abin a gabansu su ma sun riƙe. In ɗaya ya mutu ko ya yi gardama, akwai sauran.

A cikin wannan tsari akwai mutum guda da ya kamata mai tunanin gajimare ya dube shi da kyau, shi ne fatoma, maigidan da baƙon falke ke sauka a wurinsa. Shi ke ba da masauki, ya ajiye kaya a taskarsa, ya nemo mai saye, ya tsaya wa baƙo a kan bashi, ya riƙe masa kuɗi har ya dawo baɗi. Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan a farkon shekarun 1960, ya bayyana yadda cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu ya rataya kacokan a kan irin waɗannan masu gidaje da akawunansu. Falke yakan bar dukiyarsa da lissafinsa a garin da ba nasa ba, ya yi tafiyar watanni hankalinsa a kwance.

Dalilin kwanciyar hankalin a bayyane yake. Fatoma sananne ne, yana da gida da iyali da mutunci a garin, ba ya iya naɗe tabarma cikin dare. An yi ajiyar a gaban shaidu. In kuma ya ci amana akwai alƙali, ga shi labari zai bi hanyar fatake har ya rasa baƙi. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Kano, daga Risala zuwa Muhtasar, ya ware babi a kan ajiya, kuma ƙa'idarsa ita ce wanda aka ba ajiya amintacce ne, ba ya biya in ta salwanta sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Wato tun a wancan zamani an san cewa ba da ajiya ba ya sauke wa mai dukiya dukkan nauyi.

Littafi ya koma hannun hukuma

A watan Fabrairun 1903 sojojin Ingila suka ci Kano, daga baya aka naɗa Sarki Abbas. Cikin 'yan shekaru aka kasa ƙasar gunduma-gunduma, aka umarci hakimai su bar birni su tare a cikin ƙasashensu. Ta haka Madaki ya zauna a Dawakin Tofa, Sarkin Bai a Ɗambatta. Aka kafa Baitulmali, wanda aka fara gwada shi a Katsina a ƙarƙashin Richmond Palmer kafin ya zo Kano, inda ake zuba kason En'e na haraji, a yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi, a rubuta shiga da fita, a tsara kasafin shekara. Sulalla da kwabbai suka kori wuri.

A gundumomin da ke kewaye da birni aka shigo da harajin taki, wanda sunansa ya fito daga taku. Malaman taki sukan bi gona su auna tsawonta da faɗinta da ƙafa, su rubuta sunan mai ita da girmanta, a yanka mata haraji gwargwadon haka. A karon farko gonar talaka ta shiga rajista, rajistar kuma tana ofishin hakimi da na birni. A takarda tsarin ya fi na da adalci, tunda mai babbar gona shi zai fi biya. A aikace kuwa manomin ba ya iya karanta abin da aka rubuta a kansa, ba shi da kwafi, ba shi da hanyar gyara kuskure. In takun malami ya gajarta a gonar wanda bai yi masa alheri ba, gonar ta ƙara girma a littafi, harajinta ya ƙaru. Shaidar dattawa biyu, wadda a da take yanke magana, ta koma ba ta da nauyi a gaban abin da ke rubuce.

Abin da ya rage a hannun talaka shi ne rasit. Wannan 'yar takarda ta zama kamar katin shaida, ana naɗe ta a saka a hula ko a laya, domin wanda aka tare a hanya ba shi da ita ya shiga uku. Zaluncin da ke tattare da karɓar haraji da jangali yana cikin manyan abubuwan da jam'iyyar NEPU ta yi yaƙi da su tun kafuwarta a 1950, kuma soke su na cikin ayyukan farko na Gwamna Abubakar Rimi a 1979.

Sikeli, akawu da dalar gyaɗa

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga ciniki a 1912. Turawa sun sa rai auduga za ta cika taragu don masaƙun Lankasha. Manoman Kano suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba, tana shiga cikin gero ba tare da ta kore shi ba, in kasuwa ta faɗi kuma ana iya cin ta. Kamar yadda Jan Hogendorn ya nuna a bincikensa, fataken goro ne suka bazu ƙauyuka suna raba gishiri da tufafi da kuɗin kafin alƙalami don a shuka musu gyaɗa, kuma a 1913 abin da Nijeriya ta fitar ya haura tan 19,000, alhali shekaru biyu kafin nan bai taka kara ya karya ba.

Wannan ciniki ya zo da sabon tsanin bashi. Kamfanin Turawa, irin su Kamfanin Neja wanda ya narke cikin UAC a 1929, yakan ba babban ɗan kasuwa kuɗi, shi kuma ya raba wa yaransa, su raba wa masu sikeli a kasuwannin ƙauye, su kuma su ba manomi. A kowane mataki akwai littafi da akawu, sai a mataki na ƙarshe. Manomi ya kawo buhu, wani ya ɗora a sikeli, wani ya karanta, wani ya rubuta. Ɗantata ya yi fice a cikin wannan tsari ne saboda ya haɗa hanyoyi biyu, amanar fatauci da ya gada, da tsarin rubutu irin na kanti.

Daga 1949 sayen gyaɗa ya koma hannun hukumar ciniki ta gwamnati, wadda a 1954 ta zama ta Jihar Arewa. Hukumar ke yanka farashi kafin kaka, ta sayar a kasuwar duniya, ta riƙe rarar da sunan tanadi don shekarar da farashi zai faɗi. Kaso mai yawa na wannan rara a farkon lamari a Landan aka ajiye shi, daga baya aka yi ayyukan gwamnati da shi. Masanin tattalin arziki Peter Bauer ya soki tsarin tun 1954, yana ganin haraji ne a ɓoye. Manomin Kunci ko Makoɗa yana iya zuwa Kano ya ga dalar gyaɗa da idonsa, amma lissafin abin da aka samu a kan guminsa yana wata ƙasa, cikin harshen da ba ya ji. Da farin 1973 da cutar da ta kashe gyaɗa a 1975 suka rushe cinikin, aka kuma soke hukumomin a 1986, babu wanda ya zo ya karanta masa inda aka kwana.

Akanta a birni, littafin makaranta a ƙauye

Tsarin rubuta kowace hulɗa sau biyu, shiga da fita, wanda Luca Pacioli ya bayyana a littafinsa da aka buga a Banis a 1494, ya zama sana'ar 'yan ƙasa a Nijeriya ne a tsakiyar ƙarni na 20. Akintola Williams ya zama ƙwararren akanta a 1949, ya buɗe ofishinsa a Legas a 1952. Dokar da ta kafa ICAN ta zo a 1965, ANAN kuma ta samu tata a 1993. Amma aikin akantoci a Kano ya fi karkata ga ma'aikatun gwamnati da bankuna da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa. Ɗan kasuwar karkara ya ci gaba da littafin 'yan makaranta, wani da boko, wani da ajami, wani da alamomin da shi kaɗai ya san ma'anarsu.

Alhali kuwa harkar tana girma. Madatsun ruwan da aka gina tun daga zamanin Gwamna Audu Baƙo, irin su Watari a Bagwai da Tomas a yankin Ɗambatta, sun kawo noman rani da cinikin tumatir da albasa da shinkafa. Kasuwar Dawanau, wadda aka kafa a 1985 a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, ta zama matattarar hatsi da riɗi da zoɓo da citta, ana lodi zuwa Nijar da Chadi da Kamaru, har da tashar jiragen ruwa ta Legas. Miliyoyin naira suna wucewa ta hannun mutanen da duk lissafinsu bai wuce littafi ɗaya a ƙarƙashin tabarma ba.

Da kwamfuta ta shigo ofisoshi a shekarun 1990, sai littafin ya koma cikin akwati guda a kan tebur. Ta sauƙaƙa haɗa jimla, amma ta gaji raunin takarda, ta ƙara da nata. Ƙurar hunturu tana shaƙe ta, wutar NEPA in ta zo da ƙarfi tana ƙona ta, filas ɗin da aka ɗauko daga shagon buga takardu yana sa mata cuta. Gobarar da ta cinye shaguna dubbai a Kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ta tuna wa kowa abin da aka daɗe da sani. Kaya in sun ƙone ana iya sake sarowa. Littafin bashi in ya ƙone, sai abin da tsoron Allah ya sa mai ci ya dawo da shi.

Sabon fatoma

Wannan rauni ne gajimare ya zo ya magance. Sunan yana ruɗarwa, domin babu abin da ke rataye a sama. Gine-gine ne a ƙasa, cike da kwamfutoci, ana sanyaya su dare da rana, ana kwafar kowane bayani a ajiye shi a wuri fiye da ɗaya. A 2006 kamfanin Amazon ya fara ba da hayar irin wannan ma'ajiya ga duk mai so, kuma a shekarar ce aka kafa Xero a Niyu Zilan, manhajar lissafin da aka gina ta tun farko don aiki ta intanet. Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ya bi sahu a 2020.

Karkarar Kano ba ta shiga wannan duniya ta ƙofar akanta ba. Ta shiga ne ta wayar hannu, wadda ta zo a 2001, sannan ta hanyar wahala. A Oktoban 2022 Babban Bankin Nijeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. A watannin farko na 2023 tsabar kuɗi ta ɓace, kasuwannin ƙauye suka tsaya cik, manomi ya kai buhu ya rasa mai biyansa a hannu. Kafin Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki, mutane da yawa da ba su taɓa yarda da tiransifa ba sun buɗe asusu a Moniepoint ko OPay ko PalmPay. Daga ranar, kowane cinikinsu yana barin sawu a kwamfutar wani kamfani, da kwanan wata da sa'a da sunan wanda ya biya. Sun shiga gajimare ba tare da an taɓa gaya musu sunansa ba.

Amfanin ba ƙarami ba ne. Akantan da ke birni yana iya duba cinikin mai shago a Bichi da yamma ba tare da ya hau mota ba, ya ga kuskure tun yana ɗanye, maimakon a kawo masa buhun rasit a ƙarshen shekara. Maigida yana iya ganin abin da yaronsa ya sayar a reshe. Ɗan kasuwar da ba shi da takardar fili yana iya nuna tarihin cinikinsa a ba shi rance. Gobara ko ambaliya ba ta kai ga littafin. Hukuma ma can ta nufa, domin a 2021 hukumar tara haraji ta tarayya ta mayar da shigar da bayanan haraji kan dandalin TaxPro-Max, kuma sababbin dokokin harajin da aka sa wa hannu a Yunin 2025 sun ƙara ɗaure harkar da na'ura. Ofishin akantan da ya ce ba ruwansa da intanet ya kusa rasa abin yi.

Ranakun da hanya ta yanke

Sai dai sabon fatoman yana nesa, hanyar zuwa wurinsa kuma doguwa ce, mai mahaɗai da yawa: caji a waya, sabis a ƙauye, man dizal a turken sadarwa, wayar gilashi daga Kano zuwa Legas, sannan igiyar da ke kwance a ƙarƙashin teku. Kowanne a cikinsu ya taɓa tsinkewa a 'yan shekarun nan. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a Jihar Zamfara da ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka yi makonni babu kira balle intanet. A ranar 14 ga Maris na 2024 igiyoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Abijan, manhajojin bankuna da dama a Nijeriya suka daina aiki. A Oktoban shekarar kuma Kano da yawancin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta.

Akwai kuma kuɗin haya. Yawancin manyan manhajojin lissafi da dala ake biyansu. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Ofishin da bai ƙara ko abokin ciniki ɗaya ba ya wayi gari hayar littafinsa ta ninka sau uku, in kuma ya kasa biya ana iya rufe masa ƙofa alhali bayanan nasa ne. Ƙananan kamfanonin da ke ba da manhaja kyauta su ma suna da nasu haɗarin, domin kuɗin masu zuba jari ke riƙe da su, kuma ranar da ya ƙare suna iya rufewa da littattafan mutane a ciki.

In aka auna wannan da sharuɗɗan da suka sa falke ya amince da fatoma, za a ga inda giɓin yake. Kamfanin ba shi da gida a garinku. Yarjejeniyar da aka danna “na yarda” a kanta da Turanci take, ta kuma taƙaita abin da zai biya in bayanai sun salwanta, sau da yawa ma ta ce a kotun wata ƙasa za a yi shari'a. An fara cike giɓin. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, har da sharuɗɗan fitar da su waje, kuma wannan nauyi yana kan akanta ko da wani ya ba ajiyar. Kamfanin gwamnati na Galaxy Backbone ya gina cibiyar adana bayanai a Kano. Amma dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta adana littattafan lissafi na shekara shida, kuma ranar da mai binciken haraji ya zo, kamfanin da ke da littafin za a tambaya, ba mai manhaja ba.

Abin da fatake za su tambaya

Tarihin nan bai ce a guji gajimare ba. Ɗantata bai yi kuskure ba da ya kai azurfarsa banki, kuma littafin da ke ƙarƙashin tabarma ya fi kowace ma'ajiya haɗari. Abin da tarihin ya nuna shi ne wanda ya cutu a kowane zamani shi ne wanda aka rubuta lissafinsa a inda ba ya iya gani, ba shi da kwafi, ba shi da wurin kai ƙara. Haka ta faru ga mai gona a hannun malamin taki, haka ga mai gyaɗa a hannun hukumar ciniki.

Saboda haka akantan da zai ɗora abokan cinikinsa a kan wata manhaja ya kamata ya yi tambayoyin da madugu zai yi kafin ya sauke ayari a gidan baƙo. A wace ƙasa bayanan suke, wace doka ke hukunci a kansu? In na so tashi, zan iya kwashe littafina gaba ɗaya a sigar da wata manhaja za ta karanta? In sabis ya ɗauke ranar kasuwa, ana iya ci gaba da rubutu a waya har ya dawo? Da naira ake biya ko da dala? Sannan ya mayar da shi al'ada, duk ƙarshen wata a sauke kwafi a ajiye a ofis, a buga taƙaitaccen bayanin masu bashi a takarda a ba maigida, cikin harshen da yake karantawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambaya ta ƙarshe ita ce wadda aka fi gudu. An ruwaito cewa da Ɗantata ya ji jikinsa ya yi nauyi a 1955, ya kira babban mai kula da kuɗinsa, Garba Maisikeli, ya kuma tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya kada su wargaza harkar. Ya samu lokacin miƙa mabuɗi. A da in falke ya rasu, dattawan da suka shaida suna nan, littafin yana cikin akwati, masu rabon gado za su zauna su fitar da bashi kafin a raba. Yau dillali yana iya rasuwa a hanyar Dawanau da dukkan lissafinsa a bayan kalmar sirrin da shi kaɗai ya sani, da layin wayar da kamfani zai ba wani in an daɗe ba a yi amfani da shi ba. Bayanan suna nan lafiya a wata cibiya mai sanyi, marayunsa kuwa ba su san wa ke riƙe da kuɗin ubansu ba, waɗanda suke binsa ma ba su da abin nunawa. Duk ofishin akantan da ya buɗe wa mutum asusu a gajimare, ya kamata a ranar ya zaunar da shi ya tambaye shi wane ne mutum na biyu da zai iya buɗe wannan littafi, a rubuta sunansa, a kuma kafa shaidu.